Buhu 30 ko buhu 65? Daɓen kankare ya haɗa ta da dangin miji

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Maigidana yana aiki a Fatakwal, ni ce tsaye a kan ƙarashen ginin gidanmu a nan Kano. Ya turo kuɗi a zuba kankare daga get zuwa bakin gareji kafin ruwa ya sauka, don bara taɓo bai bar mota ta shiga ba. Wurin ƙafa 50 ne a tsawo, 13 a faɗi. Yayansa, ɗan wan babansu, shi ya gina mana gidan tun daga tushe. Ya ce a sayo siminti buhu 65, da rodi, da tsakuwa, da marmara. Abin ya yi mini yawa, sai na kira wani magini ba da saninsa ba, shi kuma ya ce buhu 30 ya isa, rodi ma ɓarnar kuɗi ne. Maganar ta je kunnen Hajiya surukata, yanzu da ƙyar take amsa gaisuwata. Zuciyata tana raya mini cewa Yaya so yake ya ci da guminmu, amma ina jin nauyinsa. Ba mu da rijiya, tankar ruwa ce ke shigowa har cikin gida tana cika mana tanki. Ta ina zan gane mai gaskiya, kuma me zan yi kada zumunci ya ɓaci?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a gidan, ya saka miki da alheri kan amanar da kika riƙe. Kuɗin nan gumin mijinki ne, kuma tsayawar da kika yi ki bincika kafin ki kashe su ba laifi ba ne. Amma ina roƙonki ki ajiye zargin nan tukuna. Na ɗauki awon da kika ba ni na buga lissafi, sai na tarar maginan nan biyu ba aiki ɗaya suka yi miki kuɗinsa ba. Buhu 30 ya yi daidai da wani irin daɓe, buhu 65 ma ya yi daidai da wani irin daɓen daban, kuma na Yaya shi ne irin wanda ake yi wa gidan da tankar ruwa ke shiga. Zan nuna miki yadda lissafin yake, ki buga da kanki a waya, ba sai kin dogara da bakin kowa ba, har da nawa.

Ƙafa 50 mita 15 ce da ɗan ɗoriya, ƙafa 13 kuma kusan mita 4. Idan kika buga 15 sau 4, kin sami murabba'in mita 60. Wannan shimfiɗar wurin ce kawai. Kankare kuwa kaurinsa ne ke cin kuɗi, kuma a wasiƙarki babu inda ɗayansu ya faɗa miki kaurin da ya auna. Daɓen da ƙaramar mota za ta riƙa bi inci 4 ake yi masa, wato santimita 10. Wanda babbar mota za ta taka inci 6 ne, santimita 15. Da kubik ake auna kankare, kubik ɗaya shi ne abin da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi. To, 60 sau 0.10 ya ba ki kubik 6, 60 sau 0.15 kuma kubik 9. A kan kowanne ki ƙara kashi 10 cikin 100, domin ƙasa ba ta taɓa kwanciya sumul: wani wuri zai sha fiye da awonsa, wani kwaɓin zai zube a hanya, wani ya maƙale a baro. Inci 4 ya koma kubik 6.6 ke nan, inci 6 kuma kusan 10.

Sai maganar haɗi. Wanda aka saba da shi a irin wannan aiki shi ne 1:2:4, siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A bakin aiki, buhu mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, don haka kowane buhu yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa, ko baro ɗaya da baro biyu idan baron yana cin kwano huɗu. Akwai abin da ke rikita wanda bai saba ba: busasshen kaya yana raguwa idan aka kwaɓa shi, saboda yashi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti kuma ya shige tsakanin yashi. Kafin a sami kubik ɗaya na kankare sai an tara kusan kubik 1.54 na busasshen kaya. Ki raba 1.54 gida bakwai, tun da ɗaya da biyu da huɗu bakwai ne. Siminti ya ɗauki 0.22, yashi 0.44, tsakuwa 0.88. Buhu ɗaya kusan 0.035 ne na kubik, saboda haka kowane kubik na kankare yana cin buhu 6.3.

Yanzu ki duba. Inci 4: 6.6 sau 6.3, buhu 42. Inci 6: 10 sau 6.3, buhu 63. Yaya ya ce 65. Tsakanin lissafin takarda da abin da ya faɗa buhu biyu ne kacal, kuma kowane magini mai hankali yana barin irin wannan rara don kada siminti ya yanke ana tsakiyar zuba. Bai ma kai ƙololuwa ba, domin injiniya zai iya cewa wurin da tanka ke takawa a ƙarfafa haɗin zuwa ɗaya, ɗaya da rabi, uku, wanda ke cin buhu 8 a kubik, ki ga an doshi buhu 80.

Mai buhu 30 fa? Shi ma lambarsa tana da inda ta fito. Idan aka tsinka haɗin zuwa 1:3:6, kubik yana cin buhu 4.4, sau 6.6 ya ba da 29. Sai dai wannan haɗin na shimfiɗar ƙarƙashin tushe ne, wanda ƙasa za ta rufe, ba taya ce za ta riƙa murza shi kullum ba. A harabar gida za ki ga samansa ya fara garin ƙura, tsakuwa ta fara leƙowa, tsintsiya ma tana kwasar yashi duk safiya. Ko kuma ya bar haɗin a 1:2:4 ya rage kaurin zuwa inci 3, abin da ido ba ya gani da zarar an shafe sama. Akwai hanya ta uku, kuma ita ta fi yawa a wannan sana'a: a faɗi lamba mai daɗi don a karɓi aiki, ranar zuba da azahar a ce siminti ya ƙare. A lokacin ba ki da zaɓi, ga leburori a tsaye, ga rabin wuri a buɗe, dole ki aika kasuwa a sayo a kowane farashi. Araha ba ta ado, kuma a kankare idan ta lalace ba a faci mai kyau, sai dai a fasa da diga a sake.

Duk maganar ta tsaya a kan tankar nan. Ƙaramar mota ba ta cika wuce tan ɗaya da rabi ba. Tanka mai lita 10,000 ruwan cikinta kaɗai tan 10 ne, ban da nauyin motar kanta, kuma tana tsayawa wuri ɗaya tana jiran tanki ya cika, ga ruwa yana tsiyaya yana jiƙa gefen daɓen. Inci 4 ba zai jure wannan ba, balle inci 3. Saboda haka tambayar da ya kamata ku fara amsawa, ke da maigida, ita ce ko tanka za ta ci gaba da shigowa. Idan tankinku yana inda doguwar tiyo za ta kai daga waje, shawarata ku sayi tiyon, tanka ta riƙa tsayawa a bakin get, ku zuba inci 4 da buhu 42. Kun rage buhu 21 da tsakuwa kusan tan 4 zuwa 5, kuɗin tiyo bai kai ko kusa da wannan ba. Ko da kun zaɓi inci 6 ma, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, tanka ba za ta taka shi ba kafin nan, kin ga tiyon dole ce a wannan watan. Idan kuwa babu yadda za a yi sai ta shigo, to ku bi lissafin Yaya ba tare da rage ko buhu ɗaya ba. Akwai tsaka-tsaki: mita 8 na farko daga get inci 6, ragowar mita 7 inci 4, wanda zai ci kusan buhu 53. Amma fa sai kin tabbata direba ba zai taɓa wuce iyakar ba.

Marmarar da Yaya ya sa a lissafi ita ce ta ƙara kwantar mini da hankali a kansa. Wurin da taɓo ya hana mota shiga bara, ƙasarsa tana riƙe ruwa. Idan aka zuba kankare kai tsaye a kan irin wannan ƙasa, damina ɗaya za ta zauna a wani gefe, daɓen ya rasa abin da zai kwanta a kai, ya tsage. Sai an kwashe ƙasar sama mai laushi da saiwoyi da tarkacen gini, a zuba marmara, a yayyafa ruwa, a daddaɓe ta da inji, kashi biyu, ba a jibge ta gaba ɗaya ba. Kaurin inci 6 bayan daɓewa a kan murabba'in mita 60 kubik 9 ne, amma da yake tana zama idan an danne ta, ki lissafa kusan 12. Hayar ƙaramin injin daɓe na yini ɗaya ta fi miki amfani a kan ƙarin buhu biyar na siminti. Idan an gama, ki taka da ƙafarki ki zaga. Inda dugaduganki ya lotsa, ba a gama ba.

A wannan matakin ne kuma ake gyara gangare. Kowace mita ta sauka da santimita 1 zuwa 2, wato daga bakin gareji zuwa get a sami saukar santimita 15 zuwa 30, ruwa ya nufi lambatu. Kada ya koma jikin ɗaki, kada kuma a juya shi gindin katangar maƙwabci, wannan wata rigimar ce da ba kya buƙata. Idan ramin sokawe yana kan hanyar, a kauce masa, murfinsa ba na ɗaukar mota ba ne sai in an gina shi don haka. Duk wani bututun ruwa ko wayar wuta da za su tsallaka, a binne faffaɗan bututu tun yanzu a zura su ciki. Sannan ki tambayi Yaya ko murfin lambatun bakin get yana cikin lissafinsa, domin shi ƙaramar gada ce, babu ƙasa a ƙarƙashinsa, rodinsa da kaurinsa daban suke.

Game da rodi, mai buhu 30 yana da ɗan gaskiya a wuri ɗaya: daɓen ƙaramar mota a kan ƙasa mai ƙarfi yana iya zama lafiya babu ƙarfe. Rodi ba ya hana kankare tsagewa. Aikinsa shi ne idan an tsage ya riƙe ɓangarorin kada su buɗe, kada ɗaya ya nutse ya bar ɗaya. A ƙasa irin taku ni ba zan bar shi ba. Idan rodi mai milimita 10 za a ɗaura, tazarar ƙafa ɗaya a tsaye da a kwance, za a ja layi 14 masu mita 15 da layi 51 masu mita 4, jimla mita 414. Sandar rodi mita 12 ce, kin sami sanda 35, da haɗin baki ki ce 38. Ki sa a auna sanda ɗaya da tef a gabanki a shago, don wani rodin ba ya cika tsawonsa ko kaurinsa. Ragar ƙarfe ta BRC ta fi saurin shimfiɗawa, mai tsawon mita 4.8 da faɗin mita 2.4 guda 6 zuwa 7 za su rufe wurin. Kowanne aka zaɓa, a ɗaga shi a kan 'yan dunƙulen kankare ya zauna a cikin daɓen. Rodin da aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba kankare a kansa, tsatsa kawai zai yi.

Yashi da tsakuwa: a inci 6, yashi kubik huɗu da rabi, kusan tan 7, tsakuwa kubik 9, tan 13 zuwa 14. A inci 4, yashi kubik 3, tsakuwa kubik 6, kusan tan 9. Tsakuwar dutse ta injin fasa dutse, mai girman inci uku bisa huɗu, ita ake so. Ki kula da "tifa ɗaya", don tifa ba ma'auni ba ce, wata ta ninka wata. Kafin a juye, a auna tsawon bayanta da faɗinsa da tudun kayan da ke ciki, a buga. Mita 4 sau 2 sau 0.6, misali, kubik 4.8 ne, ko da direba ya ce ya fi haka. Yashin kuma ya zama mai kaifi na rafi, ba mai laushi na shafe ba. Ki sami kwalba mai haske, ki zuba yashin zuwa rabi, ki cika da ruwa, ki girgiza sosai, ki ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa da launi daban. Idan yashin ya kai tsawon yatsa, lakar kuma ta fi kaurin tsinken ashana biyu, a mayar da shi. Laka tana hana siminti kama yashi, komai yawan buhunan da kika zuba.

Ƙananan abubuwa su ne ke cinye kuɗi a ƙarshe saboda ba a sa su a takarda. Katakon gefe: zagayen wurin mita 38 ne, kusan ƙafa 125, idan aka tsaga falanki mai inci 12 gida biyu, guda 6 masu ƙafa 12 sun isa, in akwai katanga a gefe ɗaya ma ba za a kai haka ba. Ƙusa, wayar ɗauri, leda mai kauri da za a shimfiɗa a kan marmara don kada ƙasa ta tsotse ruwan kwaɓi, hayar injin kwaɓa da mansa, kuɗin lodi da sauke kaya, abincin leburori. Sai ruwa, wanda a gidanku da kuɗi ake saye: kowane buhu jarka ɗaya mai lita 25, buhu 63 jarka 63, ban da na wanke kaya da na shayar da daɓen mako guda. Ki cika tanki, ki aro duro biyu ko uku kafin ranar.

Kuɗi kuwa, kada ki yarda da jimla ɗaya dunƙule daga kowa. Ki rubuta kowane kaya da yawansa, ki tambayi farashi wurin 'yan kasuwa uku a rana ɗaya, kuma ki ce har ƙofar gida, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na kuɗin yashi da tsakuwa. Siminti ma ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka sanar da farashin 7,000 zuwa 8,000. Don sauƙin lissafi mu ƙaddara buhu 10,000 ne: buhu 63 naira 630,000, buhu 42 naira 420,000, buhu 30 naira 300,000. Ki sa farashin ranar da za ki saya a maimakon nawa. Bayan kin tara komai har da kuɗin aiki, ki ware kashi 10 cikin 100 a gefe kada ki faɗa wa kowa sai maigida.

Siminti shi ne na ƙarshe da za ki saya. Marmara da yashi da tsakuwa ba sa lalacewa, shi kuwa yana shan danshin iska, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. A jera shi a kan katako, nesa da bango, kada a ɗora fiye da goma. A jikin buhu akwai lambar ƙarfin siminti, 32.5 ko 42.5. Ga wannan aiki ki nemi 42.5, ko na wane kamfani ne. Idan aka farke buhu kika ga dunƙule, ki murza da yatsu: wanda ya ruguje lafiya lau ne, wanda ya ƙi ya riga ya mutu.

Ranar zuba ki fito da kujera ki zauna inda ake kwaɓi, don a nan ake cin amana ko a riƙe ta, sau da yawa ma ba da mugun nufi ba. Lebura ya gaji, kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin ɗiba da shebur, sai ya ƙara bokiti ɗaya. Kowane ƙarin ruwa ƙarfi yake ragewa. Kwaɓin da ya yi daidai idan aka juye shi daga baro yana tsayawa tudu, sai an ja shi yake bajewa, yana da kauri kamar tuwon da bai gama sandarewa ba. Wanda ya malale da kansa, ruwan siminti ya gudu gefe ya bar tsakuwa tsirara, ya ɓaci. Tun da safe a zuba kwano huɗu a baro a gabanki, a ja layi da fenti inda suka tsaya, kowa ya riƙa cikawa zuwa layin. A kafa 'yan turaku a tsakiyar wurin masu alamar kaurin da aka yi alkawari, ki kuma riƙe guntun rodi mai alama ki riƙa sokawa a ɗanyen kankare nan da can. A caccaka shi sosai iska ta fita, musamman bakin katako. Saman kuma kada a goge shi santsi, a ja tsintsiya a kai don kada taya ko ƙafar yaro ta zame da damina. A fara da asuba, domin zafin Kano daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, yana busar da sama kafin ciki ya kama.

Abu biyu suka rage waɗanda kusan kyauta ne amma ake watsi da su. Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, dole ya tsage, sai dai a zaɓa masa inda zai tsage. A inci 6 a yanka layi uku a kwance, wurin ya rabu gida huɗu, zurfin yankan inci ɗaya da rabi. A inci 4 a yanka duk mita 3, a ƙara layi ɗaya a tsakiya daga get zuwa gareji, zurfin inci ɗaya. Inda daɓen ya haɗu da bango a sa siririn soso ko kwali mai kauri a tsakani. Na biyu shayarwa: da zarar sama ta kama, a rufe da buhunan algarara ko yashi a riƙa jiƙawa safe da rana da yamma, kwana 7 cur. Da yake ruwa tsada gare ku, ku jiƙa sosai ku rufe da leda ku danne bakinta da bulo, za ta riƙe danshin. Motar gida ta kwana a waje har makon ya cika.

Yanzu maganar Hajiya da Yaya, wadda na san ta fi simintin damunki. Neman ra'ayi na biyu haƙƙinki ne. Abin da ya yi ciwo shi ne labarin ya iske su daga waje, mutumin da ya ɗora muku gida tun daga tushe ya ji an kawo baƙo ya auna bayansa. Wannan ɗin ki gyara shi, kuma kada ki jira. Ki fara kiran maigida ki karanta masa lissafin nan, ku yanke maganar tanka. Shi ya kamata ya kira yayansa, don abin da ƙani zai faɗa wa wansa a wuce, idan ya fito daga bakin matar ƙani sai ya zama magana. Ke kuma ki shirya ki je gidan Hajiya da ƙafarki, ba ta waya ba. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: "Hajiya, kuɗin ne na ga sun yi yawa na tsorata, ban san kan aikin ba. Na bincika na gane lissafin Yaya daidai ne. A yi mini afuwa." Kada ki kawo hujja, kada ki ambaci ɗaya maginin. Gaskiya ce za ki faɗa, ba lallashi ba, shi ya sa za ta shiga.

Idan Yaya ya zo, ki yi masa tambaya irin ta mai neman sani: "Yaya, kaurin inci nawa ka auna mana? Saboda tanka ne? In ta daina shigowa, nawa zai ci?" Magini na gaskiya yana jin daɗin irin wannan tambaya, zai ɗauki tsinke ya zana miki a ƙasa. Idan ya ce inci 6 ne, haɗin 1:2:4, kin gama samun amsarki. Idan ya ce inci 4 ne amma buhu 65, sai maigida ya nemi ya bayyana masa inda sauran 23 za su shiga, wataƙila murfin lambatu ne ko dakalin gefe, wataƙila kuma babu. Ko a nan ba a buƙatar faɗa, lissafi ya isa.

Akwai abin da nake so ki isar wa maigida daga gare ni. Sau da yawa ɗan'uwa mai sana'a yana jin kunyar yanka wa ɗan'uwansa kuɗin aiki, sai a ce "haba, ai gida ne", a sallame shi da abin da bai kai ba, shi kuma yana da iyali da leburorin da zai biya da yamma. Irin wannan ne ke tura wasu su cusa ladansu a cikin kuɗin kaya. Ku rufe wannan ƙofar da kanku. A raba kaya da aiki: ke ki sayi kaya da rasit, mabuɗin ɗakin siminti a hannunki, a fitar a ƙirga, a mayar da buhunan da aka juye a ƙirga. Shi kuma a yi jinga da shi a fili, a biya shi abin da za a biya bare mai ƙwarewarsa, ba ragi don zumunci. A rubuta tsawo da faɗi da kauri da haɗi da tazarar rodi da kuɗin aiki a takarda ɗaya, ko a saƙon WhatsApp tsakaninsa da ƙaninsa. In wani ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi tsakanin muminai.

Kuɗin aikin a raba shi uku. Kashi ɗaya kafin alƙalami, idan za a fara kwashe ƙasa da zuba marmara. Kashi na biyu ranar zuba da yamma, don ya sallami leburorinsa. Na ukun bayan kwana 7, idan an gama shayarwa an cire katako, kuma a gaya masa wannan tsarin tun ranar da ake jinga, daga bakin maigida. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a gama lafiya.